Aron Farar Hula

Sallama gare ku, 'yan uwa masu bibiyata. Yau ku gyara zama, kuma don Allah kar wadda ta tausaya mini tun daga farko, ta bari sai ta ji abin da na aikata.

Ga wadda ta shigo yanzu, sunana Habsatu Ladan. A Kano aka haife ni, amma tun ina 'yar firamare Abbana ya kwaso mu zuwa New York, lokacin yana tuƙa wani jami'in jakadanci. Maigidan ya gama wa'adinsa ya koma gida, mu muka zauna. Abba ya kama tuƙin tasi, muka tare a wani tsohon bene a Morrisania, inda ƙanshin daddawar Umma yake tarar baƙo tun daga matakalar ƙasa.

A kakar 1992 abin ya faru. Lokacin duk matan unguwa sun san Habsatu ta gama jami'a tana aiki a gidan tarihi. Umma ce ta raɗa wa aikina wannan sunan, ni kuma na ji ya yi mini daɗi a kunne, ban gyara mata ba. Gaskiyar magana, haƙa nake yi. Ilimin kufai na karanta, wato tono abin da mutanen da can suka bari a ƙarƙashin ƙasa. In za a kafa dogon bene a tsohon wuri, akan kira kamfani irin namu mu tona mu kwashe abin da za mu iya kafin katafila ta zo ta markaɗe komai.

Kar ku ji an ce kamfani ku ɗauka wani abin arziki ne. In an gama wuri, an gama da ke, sai in sun sake samun wani sun tuna da lambarki. Babu inshorar asibiti. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi aka tashe mu, ranar ta tafi a banza. Horon da jami'a ta ba mu kuwa 'yan makonni ne a wata gona, malami ya raba mana buroshi muna shafa ƙasa a hankali kamar masu yi wa amarya kwalliya. Ranar da na fara aiki na gaske ban ga buroshi ba. Shebur aka miƙo mini, aka nuna mini inda katafila take fake tana jiranmu.

Marisol ce ta mai da ni mutum a wurin. Ita ce shugabar gungunmu, 'yar Puerto Rico, gajeriya mai faɗin kafaɗa, kuma ita kaɗai take sa farar hular kwano, mu sauran rawaya. Ita ta koya mini wasa bakin cokalin gini da na saya da kuɗina. Ita ta koya mini jin canjin ƙasa a hannu tun kafin ido ya gani, da cewa ba a haɗa ƙasar sama da ta ƙasa a bokiti ɗaya ko da wuta ake yi. Ita ta ce kullum in buga katakon da ya tokare bango in ji ƙararsa kafin in sauka rami. Da ta lura ina raɓe-raɓe in azahar ta yi, ba ta tambaye ni komai ba, ta share mini lungu a ɗakin ajiyar kaya, take tsayawa a bakin ƙofa da kofin shayinta har in sallame. Shekarun da ta yi a durƙushe cikin danshi sun cinye mata gwiwa. Likita ya hana ta hawa tsani, aikin tiyatar da ya kamata a yi mata kuwa ba ta da halinsa, shi ya sa kullum tana sama tana karɓar bokiti.

To, ga inda kunyar take. Ramin da muke tonawa a ƙasan Manhattan masai ne. Ee, masai, kun ji daidai. Mutanen da in sun daina amfani da shi sai su mai da shi juji, su zuba fasassun kwanoni da kwalabe da duk tarkacen gida. Bayan shekara ɗari da ɗoriya abin ya zama baƙar ƙasa, ba ya warin komai sai danshi, kuma mu a wurinmu babu taskar da ta fi shi. Ni har ga Allah ina son aikin. Amma ku gaya mini, wace Bahaushiya ce za ta dubi idon uwarta ta ce, Umma, digirin da kuka sha wahala a kansa na kai shi cikin masan Turawa?

Don haka kullum da safe sai in fito tsaf, doguwar riga baƙa mai aiki a wuya, mayafi ruwan ƙasa, jaka a kafaɗa, Umma tana bina da turare. In na sauka daga jirgin ƙasa sai in shige bayin wani shagon shayi, in fito da wandon kaki, rigar sanyi mai faci, da takalman leburori masu ƙarfe a baki. Da yamma in sake komawa mutum. Hannuna ne kawai ya ƙi rufa mini asiri.

"Wannan tafin naki kamar na mai faskare," in ji Umma, tana murza mini man kaɗe. "Takardar ce take yi miki kanta?"

"Sanyin garin nan ne, Umma."

"Sanyin ke kaɗai ya sani? Ki dai gyara kafin dangin mutumin nan su ce mun ba su bawa."

Mutumin nan shi ne Zayyanu. Ɗan Maraɗi ne, yana aikin fassara a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa, yana zaune a St. George, can tsallaken ruwa. Dogo ne, marar hayaniya, irin mutanen da rigarsu ba ta yamutsewa ko sun wuni a cikinta. A wani taron suna muka haɗu. In ya zo zance falonmu, Umma takan shimfiɗa sabon leshi a kan tebur, ni kuma in zauna a gefen kujera in ɓoye hannuwana cikin mayafi, in kashe murya. Ya sha tambayata, "Ya aiki?" Ni kuma amsata ɗaya ce: "Aiki da godiya, sai dai ƙurar tsofaffin kaya." Yakan yi murmushi ya dube ni kamar yana jiran ragowar maganar, ni kuwa in miƙa masa farantin cincin.

Magana ta yi nisa, har Abba ya ce ya turo. Sai dai Zayyanu maraya ne, kuma yayarsa Aïchatou ita ce uwa ita ce uba. 'Yar kasuwa ce, tana zuwa sayen kaya, kuma an ce in ta ce a'a a gidansu ko limami ba ya sake ɗaga zancen. Ran wata Talata na dawo na tarar da jan fitilar na'urar ɗaukar saƙo tana ƙiftawa. Umma ba ta yarda ta taɓa na'urar, ta ce ba ta son mutum yana magana ba ya nan. Na danna.

"Habsatu, ni ne. Yaya ta sauka lafiya. Tana son ganinki kafin ta zo gida wurin su Umma. Sai mun yi magana."

Umma ta dafe ƙirji. "Bincike ta zo yi. Ki nutsu, kin ji ko? Ki rage wannan tafiyar taki ta sojoji."

Ni na ɗauka gidan wani za a kira ni, in ci ado in je in durƙusa. Har na ware atamfar da zan sa.

Ran Alhamis da hantsi ina can ƙasan ramin. Ya fi tsayin mutum biyu, an kewaye shi da tsohon dutse, sanyi yana ratsa takalmi. Tun safe nake bin gefen wani ɗan kofin tangaran da bakin cokalina, kofin yara ne mai zanen shuɗin tsuntsu, kuma ga alama bai fashe ba. A irin wurin nan samun abu lafiyayye sai an dace. Ina ta murna ni kaɗai. Na cika bokiti na hau tsani don in sha iska, kaina yana leƙowa sama ke nan na hango bakin ƙofar shiga.

Zayyanu ne tsaye da mai gadi, cikin kwat ruwan toka. Kusa da shi wata mace ce mai jiki, ta sha shaddar galila ruwan goro mai sheƙi, ɗaurin kallabinta ya yi sama, zinariya a wuya da hannu, tana ɗage gefen zani kar laka ta taɓa.

Ban tsaya tambayar kaina yadda aka yi ya san wurin ba. Abin da na gani kawai shi ne gwiwoyina biyu baƙi ƙirin da ƙasar masai, da aurena yana shirin zamewa ya faɗa ramin. Tulin ƙasa ya kare mu daga ƙofa, mai gadi kuma yana nemo wa baƙin hulunan kwano. Na yi tsalle na fito na damƙi hannun Marisol.

"Ki ara mini hularki da rigarki. Don Allah. Yanzu."

"Lafiya? Kin ji ciwo ne?"

"Wanda zan aura ne da yayarsa. Ba su san ina shiga rami ba. Ki sauka a madadina, minti kaɗan kawai."

Ta dubi tsanin, ta dubi gwiwarta, ta dube ni. Wallahi na ga lokacin da ta dubi gwiwar, kar in yi muku ƙarya in ce ban gani ba. Ta cire farar hular ta kifa mini, ta tuɓe doguwar rigar ruwanta mai tsabta wadda ta rufe ni har ƙauri, ta ɗauki rawayar hulata. Ta fara sauka tana cije leɓe, tana sauke ƙafa ɗaya sannan ta jawo mai ciwon. Ni kuwa na goge fuska da mayafin da ke wuyana, na cusa hannuwa a aljihu, na gyara tsayuwa.

"Sannunku da zuwa," na ce, na ɗan rusuna. "Yaya, an zo lafiya? Ya hanya?"

Ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi. "Lahiya lau, ɗiyata. To, wanga wuri fa? Ni an ce mini biro kike aiki."

"Ofis ɗin yana can sama, Yaya. Yau na fito duba ma'aikata ne."

"Ah, bon! Ashe ke ce shef ɗinsu, shugabarsu." Fuskarta ta saki. Ta juya ga ƙaninta. "Ba ka hwaɗa mini shef ce ba."

Idon Zayyanu yana kan farar hular.

Da na tsaya a nan, da da sauƙi. Amma ƙarya in ta samu wuri sai ta miƙe ƙafa. Na taka bakin ramin, na leƙa, na ɗaga murya da Turanci yadda kowa zai ji: "Ke, a hanzarta mana! Ba mu da lokacin wasa!" Sauran abokan aikinmu da ke tankaɗe ƙasa a rariya suka tsaya cak suna kallona. Daga ƙasa Marisol ta ɗago kai, ta ce, "To, shugaba."

Yaya Aïchatou ta matso tana leƙe. "Mi ag ga cikin ramen? Rijiya ce?"

"Masai ne na mutanen da, Yaya."

Ta yi baya da sauri ta toshe hanci da gefen mayafi, alhali babu warin komai. "Subhanallahi! Salga? Kuma mace ce ciki? Ke dai ba ki shiga ko?"

"Ni? Haba Yaya. Leburori ne suke shiga."

"Allah shi tsare zuri'armu da wagga sana'a."

"Amin," na ce. Da bakina na faɗa, har da shafa fuska.

Sai ga tsani yana motsi. Marisol ce take hawowa, hannu ɗaya a tsani, ɗayan ta rungume wani abu a ƙirji. Ta daɗe kafin ta iso, kuma babu wanda na bari ya ga na miƙa mata hannu, don hannuna yana aljihu yana ɓuya. Ta fito tana haki, ta buɗe tafinta. Kofin nan ne mai shuɗin tsuntsu, lafiya lau, ko tsagewa babu. Duk da abin da na yi mata, fuskarta cike take da murna.

"Ga shi, ya fito," ta ce mini a hankali. "Ke ya kamata ki fara riƙe shi."

"Kar ki taɓa!" in ji Yaya Aïchatou, ta janyo rigata. "Abin cikin salga?"

Na ja da baya. Kofin da tun safe nake lallaɓawa, na yi masa kallon ƙazanta, na nuna wa Marisol tebur da haɓa. Ta ajiye shi. Sannan, saboda ita mai ladabi ce, ta cire safar hannu, ta goge tafinta a wando, ta miƙa wa baƙuwa hannu tana murmushi.

Yaya Aïchatou ta naɗe hannuwanta cikin mayafi ta kau da kai. Hannun Marisol ya tsaya a iska. A nan ne ya kamata in ce wani abu, kuma na ce. Na yi 'yar dariya na ce da Hausa, "Rabu da ita, Yaya. Ba su san tsarki ba."

Matar da take gadin ƙofa in yi sallah. A kanta na faɗi haka.

Ba su daɗe ba. Yaya ta dafa kafaɗata ta ce na yi hankali, ta ce mace mai riƙe da maza da mata haka za ta riƙe gida. Zayyanu ya ce, "Sai an jima," bai haɗa ido da ni ba. Suna fita na cire hular, na ji ta yi mini nauyi kamar turmi. Na miƙa wa Marisol. Tana zaune a kan bokitin da aka kifa, ta miƙe ƙafar, gwiwar har ta fara kumbura ta cikin wando.

"Marisol, na gode. Ki yi haƙuri, al'adarmu ce take da..."

"Me kika ce mata da na miƙa hannu?"

"Cewa na yi... cewa na yi ke ce kika fi kowa iya aiki."

Ta karɓi hular ta juya ta a hannu. "Ba na jin yarenku, Habsatu. Amma uwata goge-goge ta yi a gidajen masu kuɗi har ta tsufa, ina binta tun ina ƙarama. Na san wannan dariyar." Ta kifa hular a kanta. "Koma ramin. Akwai sauran ƙasa, katafila ba ta san kina da baƙi ba."

Na koma. Ban taɓa jin daɗin zurfin ramin nan kamar ranar ba, don babu mai ganin fuskata. Da azahar ta yi na tafi ɗakin ajiya ni kaɗai. Ina cikin sallah na ji takun ɗingishi ya zo ya tsaya a bakin ƙofa kamar kullum. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Da yamma tun daga matakala na jiyo muryar Umma. Ina buɗe ƙofa ta rangaɗa guɗa, ta rungume ni da ludayi a hannu.

"'Yar albarka! Hajiya Aïchatou ta bugo. Ashe shugaba ce ke ba ki taɓa faɗa ba? Ta ce har tsawa kike yi wa Turawa! Ranar Lahadi manya za su zo. Bari Abbanki ya dawo ya ji."

Na yi yaƙe. Jan fitilar na'ura tana ƙiftawa. Na rage ƙarar kafin in danna.

"Habsatu. In kin yi magariba ki kira ni."

Ko sallama babu. Na yi sallar, na ja tarhon kicin mai doguwar igiya har cikin lungun firij, na buga. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Ya aka yi ka san wurin?" na fara tambaya, don in riga shi.

"Tun farkon kaka na sani." In ransa ya ɓaci Hausar Maraɗi takan dawo masa, kuma na ji ta dawo. "Wata sahiya na sauko daga jirgin ruwa ana yayyahi, na biyo ta jikin katangarku, na leƙa ta 'yar tagar da aka bar ma masu wucewa. Na gan ki kin hito daga rame da bokiti, laka har kunne, kina dariya. Ban taɓa ganin kin yi wannan dariyar a falon Umma ba. Tun ran nan nike biyowa ta nan."

Na zauna a ƙasa. "Ka sani? Shi ne ka bar ni ina ta... Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ina jira ki hwaɗa mini da bakinki. Kullum sai na tambaye ki ya aiki."

"To don me za ka kawo ta ba shiri? Ka san halinta!"

"Na san halinta, shi ya sa. Na so ta gani a gabana, ba ta ji a bakin mutane ba. Tun cikin jirgin ruwa na shirya maganata. In ta ce a'a, in ce mata wagga nike so, da lakarta da komi. Ban taɓa yi ma Yaya gardama ba, Habsatu, yau na yi niyya. Sai na iske wata shef."

Hawaye suka fara zubo mini, na toshe baki kar Umma ta ji.

"Matar da kinka tura rame tana ɗingishi, wace ce?"

"Shugabata ce. Ita ta koya mini komai."

"Ita ce ba ta san tsarki ba?"

"Tsoro na ji, Zayyanu. Tsoron kar in rasa ka."

"Na sani. Abin da nike ta juyawa ke nan tun ɗazu. Ran da kinka ji tsoron wani a kaina, ni kuma mi za ki ce da ni?"

Ta cikin tarhon ina jiyo kukan jirgin ruwa daga tagarsa. A ɗaya kunnena kuma ina jiyo Umma daga falo tana magana da maƙwabciyarmu ta ƙofa, tana cewa a nemo mata manyan tukwane.

"Yaya ta amince da ke," ya ce. "Ta ce ba ta taɓa ganin yarinyar da ta kwanta mata haka ba."

"Kai fa?"



"Ni ne yanzu ban sani ba, Habsatu."

Ya ajiye. Ban motsa ba, tarhon yana manne a kunnena yana ƙara. Sai ga Umma ta leƙo kicin, baki har kunne, ta rage murya wai kar surukinta ya ji.

"Shi ne? Tambaye shi su nawa za su zo, in san shinkafar da zan jiƙa."

Na share ido da gefen hijabi, na gyara murya, na ce wa tarhon da babu kowa a cikinsa, "Umma ta ce ku nawa za ku zo?"